Shukar da Ta Sha Ruwan Alwala

Da aurena ya mutu, na kwaso kayana na dawo gidanmu a Rijiyar Lemo. Mutane suka yi ta zuwa yi mini jaje, kowa da irin maganar da ya riƙo a baki. Na yi ta amsa musu da "ba komai", kuma gaskiya na faɗa, don mutumin ban yi kewarsa ba. Abin da na yi kewa, wanda ban iya gaya wa kowa ba don kar a ce na taɓu, wani ɗan lalle ne da na dasa a bayan ɗakina. Na rene shi tun yana kamar tsinken sakace har ya kamo ni tsawo. Shi kuwa ba ya shiga akwati, dole na baro shi can, wata ta riƙa tsinkar ganyensa.

Wata safiya ina shirin fita ofis, rediyon Inna yana ta surutu a bakin murhu, sai na ji sanarwa. Wai wata kwaleji mai koyar da sana'o'i, nan kusa da mu, ta buɗe sabon kwas na ranar Asabar a kan renon shuke-shuken ƙawa, kuma ba ruwansu da shekarun mutum. Inna, wato mahaifiyata, ta ce, "Yau ga zamani. Har fulawa sai an je makaranta?" Asabar na zagayowa na yafa mayafina na tafi.

Ajin namu tarkace ne. Akwai masu gadin gidajen manya da aka haɗa musu gadi da ban ruwa, suna son takardar shaida ko albashi ya ɗan motsa. Akwai 'yan mata masu burin ƙawata wuraren biki. Akwai irina, waɗanda ba za su iya faɗin abin da ya kawo su ba. Mu ne 'yan fari, don haka komai a kanmu aka fara gwadawa.

Malamarmu 'yar Zariya ce, Kirista, gajera, da tabarau rataye a wuya, ta kusa yin ritaya. Hausarta ta fi tawa tsabta, ni da nake taƙamar 'yar malamai ce. A Sabon Gari take zaune, a saman wani bene da ke da shaguna a ƙasa. Ranar farko na je da atamfata mai kyau da sabon littafi, ina jiran a ce a rubuta. Sai ta raba mana buhuna ta ce mu biyo ta. Muka taka har shataletalen Bata, cikin rana da hayaniyar 'yan adaidaita, muka riƙa tsintar ledojin fiya wata da mutane suka sha suka yar. Wani mai shago da ya san ni a ofis ya leƙo ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce masa lafiya lau, karatu muke yi. Har yau ban san abin da ya je ya gaya wa matarsa ba.

A cikin ledojin nan muka koyi reno. A yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a jera a rumfar reno da ke bayan ajinmu. Hujin gindin nan Malama ba ta wasa da shi. Duk ledar da ba a huda ba sai ta zazzage ta a gaban mai ita. Maganarta ɗaya ce kullum, har muka haddace muna kwaikwayonta in ta juya baya.

"Kafin ku ba shuka ruwa, ku tsoma yatsa," in ji ta. "Ƙishirwa a fili take kisa, ana gani a kawo ɗauki. Ruwa kuwa ta ƙasa yake bi, sai ya gama aikinsa ganye zai ba ku labari."

A kusurwar rumfar akwai wata shuka a cikin rabin duro, mai ganye kore shar da ƙananan furanni farare. Da rana ba ta da wani abin kallo. Amma in yamma ta yi, muna wanke hannu za mu tafi, sai ƙamshinta ya cika wurin har mutum ya rasa ta ina yake fitowa. Malama ta ce sunanta yasmin. Daga tsakar gidansu na Zariya ta yanko ta, daga wadda mahaifiyarta ta dasa da hannunta. Bayan tsohuwar ta rasu aka sayar da gidan, wanda ya saya ya rushe shi ya gina shaguna. A Sabon Gari kuma mai benen ya hana ajiye tukwane a baranda, wai ruwa yana ɗiga wa masu shago a kan kaya. Shi ya sa ta kawo ta makaranta.

Da damina ta sauka ta yanka wa kowannenmu reshe ɗaya daga jikinta. Ta nuna mana yadda ake yi: a nemi reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, a yanka a karkace ƙasa da gaɓa, a rage ganye, a dangwala bakin a toka, a soka a leda. Da nawa ya yi saiwa na mayar da shi wata tsohuwar tukunyar ƙasa ta Inna, na huda gindinta da ƙusa, na rungumo ta a adaidaita zuwa gida.

A nan na ci karo da Baba. Mahaifina malami ne, ya yi koyarwa a makarantar gwamnati har ya yi ritaya, ya koma ba da karatu a soron gidanmu. Yawancin ɗalibansa magidanta ne, 'yan kasuwar Kantin Kwari, suna zuwa da sassafe kafin su buɗe shago. A lokacin idonsa ya yi rauni sosai, amma kunnensa da bakinsa ba abin da ya taɓa su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, me kika shigo da shi?"

"Shuka ce, Baba."

"Me ake ci a jikinta?"

"Ba a cin komai."

"To maganin me take yi?"

"Ba ta maganin komai. Kyau ne da ita, da ƙamshi."

Ya ce, "A unguwar da ake sayen ruwa a jarka, ba za a shayar da abin da ba ya ciyarwa, ba ya warkarwa, ba ya ba da inuwa ba. Ruwan da 'yan garuwa suka turo da guminsu na sha ne da girki da tsarki."

Ban yi musu ba, don na san halin kayana. In ka ja da Baba a fili, ka sayi wa'azin wata guda. Sai na bi ta wata hanya. Tsakanin soro da cikin gida akwai ɗan fili, a nan ɗakinsa yake, a nan kuma dutsen da yake tsugunawa ya yi alwala tun kafin a haife ni. Ruwan yana gangarowa daga dutsen ya bi siminti ya shige rariya. Na lallaɓa na tura tukunyata daidai inda ruwan hannunsa yake sauka.

Bai gan ta ba, amma ya ji ta. Da azahar ɗin ranar ya ƙwala mini kira.

"Ruwana ya canza murya," in ji shi. "Da yana faɗuwa a siminti, yanzu wani abu yana shanye shi. Wa ya ajiye mini kaya a nan?"

Na durƙusa na ce, "Baba, kai ka koya mana cewa ɓarnar ruwa ba kyau, ko da a alwala ne. Wannan ruwan rariya yake tafiya. Ban taɓa na sha ba, ban taɓa na girki ba. Wanda ka gama da shi kawai na roƙa."

Ya laluba da hannu har ya taɓa ganyen. Na ga gemunsa yana motsi, alamar yana danne dariya. Ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tashi ki ba ni wuri."

Haka ta zauna. Kuma ashe na dace ban sani ba, don Baba mutum ne mai tsimin ruwa. Inna ba ta taɓa cika masa buta ba, rabi take zubawa, shi kuma sai ya rage. Abin da ke sauka a tukunyar kowace sallah ɗan kaɗan ne, yana jiƙa ƙasar ya tsane ta hujin gindi kafin wata sallar ta zo. Nakan tsoma yatsa kamar yadda aka koya mana, in ji ta daidai, ba laka ba ƙura. Ni ban ƙara mata ko ɗigo ba.

A makaranta kuwa muna ta harkokinmu. Mun koyi aski, wato gyaran shingen shuka da almakashi, inda wani mai gadi ya aske nasa har ya zama kamar kan jariri ranar suna. Mun je mun dasa furanni a ƙofar wani ƙaramin asibiti, washegari awaki suka yi mana godiya. Mun yi ranar sayar da tsirrai a bakin get, inda na gane cewa tambayar Baba ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk dattijon da ya tsaya sai ya ɗaga leda ya juya ta ya ce, "Maganin me?" Wata ɗaliba ta gaji ta ce wa wani maganin ɓacin rai ne, ya kuwa saya.

Da zafi ya shigo, yasmin ɗina ta yi fure. Ina cikin gida wajen magariba na ji Baba yana kira, ba da muryar faɗa ba. Na same shi tsugune a kan dutsen, buta a hannu, bai fara alwalar ba.

"Wa ya fasa turare a nan?"

"Shukar nan ce, Baba."

"Me kika ce sunanta?"

"Ba ka taɓa tambaya ba. Yasmin."

Ya ajiye butar. Ya maimaita sunan, amma da irin lafazinsa na Larabci, a hankali. Ya ce ya daɗe yana cin karo da kalmar nan a littattafai, ya fassara ta ga ɗalibai ba adadi, kullum yana cewa wani fure ne mai ƙamshi a ƙasashen Larabawa. Bai taɓa zaton tana iya fitowa a Rijiyar Lemo ba, balle a tsohuwar tukunyar miyar Inna. Na tsinko masa ɗaya na sa a tafinsa. Ya daɗe yana shinshinawa. Washegari da safe na ji shi a soro yana gaya wa Alhazan Kwari, "Ku je ku gani da idonku, ku shaƙa. Abin da nake ta gaya muku ke nan." Tun daga ranar in ya gama alwala sai ya karkata butar ya juye mata ɗan abin da ya rage. Ya daina ce mata shukar Uwata, ta koma "yasmin ɗina". Na ji daɗin wannan ƙwace fiye da yadda zan iya faɗa.

Cikin zafin nan ne aka shiga yajin aiki, aka rufe kwalejin da kwaɗo. Injin rijiyar burtsatse kuma ya lalace ba mai gyarawa. Da Malama ta samu aka bar ta ta shiga, rumfar reno ta zama kamar an yi gobara. Uwar yasmin ta bushe ƙarau a cikin duronta. Ta bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a waya tana tambayar rassan da ta raba. Na wani akuya ta cinye, na wata ya bushe da ta yi tafiya, wani ma ya manta inda ya ajiye. Ni ce ta ƙarshe da ta kira, kuma na ji a muryarta cewa ta riga ta fid da rai.

Na ce, "Malama, tawa tana nan, har ta yi fure."

Da bakina da ba ya iya zama, na ƙara da cewa ai ko ba tawa, masu sayar da fulawa a bakin titi suna da yasmin.

"Na sani, 'yar Malam," in ji ta. "Amma ba ta mamata ba ce."

Na ce ta zo ta ɗauka, ko ta yanki rassa. Ta ce a'a. A wannan zafin duk abin da aka yanka zai ƙone, kuma ba ta da inda za ta ajiye tukunyar. A bar ta inda ta saba har ruwa ya sauka, sabon toho ya yi ƙwari. Abu ɗaya ta roƙe ni, in riƙe mata ita da rai zuwa damina. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai ba ni nake riƙonta ba, Baba ne.

Baba bai ga daminar ba. Bai yi doguwar jinya ba, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da hantsi hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Ba zan iya ba da labarin kwanakin da suka biyo baya dalla-dalla ba, don ban san yadda suka wuce ba. Ina cikin gida kusa da Inna, mata suna shiga suna fita, ana gaisuwa muna amsawa. Ban leƙa ko soro ba. Waje na maza ne, sun cika soron da filin ɗakin Baba da ƙofar gida har kan titi. Abin da na sani shi ne ruwa bai taɓa yawa a gidanmu kamar wannan makon ba. Ɗaliban Baba sun tsayar da 'yan garuwa, kurar ruwa na fita wata na shiga, duk wani duro da bokiti a cike.

Malama ba ta ji da wuri ba, sai ranar sadakar bakwai ta zo. Ta shigo da babban gyale, ta cire takalmi, ta durƙusa gaban Inna ta yi gaisuwa yadda ake yi. "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Ta zauna cikin mata, aka kawo mata gumba ta ɗan taɓa. Ta jima. Ta riga ta wuce ta gaban tukunyar a hanyarta ta shigowa, ta ga abin da ta gani, amma ko a fuska ba ta nuna ba. Sai daga baya na yi ta tunanin wannan zaman nata, da abin da ta haɗiye tana yinsa.

Da ta tashi tafiya na yafa mayafi na raka ta. Muna fitowa filin na tsaya cak. Yasmin ta sunkuya, ganyenta ya yi rawaya, rabi ya zube. Tukunyar cike take da ruwa har baki, yana wani tsami-tsami. A kan dutsen Baba kuma wani Alhaji ne tsugune, cikin tsofaffin ɗalibansa, mai shagon atamfa a Kwari. Ya gama alwala da cikakkiyar buta, ya karkata ta ya tuttule sauran a kan shukar, daidai yadda ya ga malaminsa yana yi.

Ya ɗago ya gan ni, idonsa ja. "Hajiya, kar ki damu da furen Malam," in ji shi. "Tun ranar da aka kai shi ba mu bar ta da ƙishi ba. Kowa so yake ya yi alwala a inda Malam yake yi, har layi ake. Duk wanda ya gama sai ya juye mata. Mun ma ga tukunyar tana yoyo ta ƙasa, na sa aka toshe da tsumma. Sai dai ita ma ta san an yi rashi, kin ga yadda ta yi."

Ni mai saurin baki ce, kowa ya sani. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, mai zafi, irin wadda ba a mantawa. Sai na ji Malama ta kama hannuna ta matse. Ita ce ta amsa masa.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Kun riƙe amana. Yanzu sai ku bar mana ita, akwai ɗan aikin da za mu yi mata."

Da ya shige soro ta tsuguna, gyale da komai, ta zare tsumman. Ruwa ya tsiyaye baƙi. Ta karkata tukunyar ta zaro shukar, saiwar ta yi laushi ta yi baƙi, tana wari. Ta ce in kawo mata sabuwar reza, da toka, da ledojin fiya wata. Toka ba ta yi wuya ba, murhun abincin sadaka yana ci. Ledoji kuwa masu gaisuwa sun zubar da su ko'ina. A nan bakin rariya, maza suna ratsawa ta gefenmu suna kallon mamaki, ta bi rassan sama ɗaya bayan ɗaya tana neman masu sauran rai. Ba su da yawa. Ta yanke su a karkace ƙasa da gaɓa, ta dangwala bakinsu a toka. Ta raba su biyu, ta ƙulle rabi a bakin gyalenta, ta bar mini rabi.

"Ban yi miki alkawari ba," in ji ta. "Reshen da aka yanka daga marar lafiya ba ya cika kamawa."

A ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar. Matan da ke ciki suka yi ta ba ni haƙuri a kan Baba, kuma ba su yi kuskure ba.

Na daɗe ina jin haushin Alhajin nan, ba zan ɓoye ba. Amma duk lokacin da na so in tsine masa a raina sai in tuna idonsa. Mutum ne da ya rasa malaminsa, ya rasa abin da zai yi da hannunsa, ya samu buta. Tun muna yara aka koya mana cewa shayarwa sadaka ce, kuma abin da ke yoyo toshe shi ake yi. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai tukunyar da rayuwarta a yoyon take. Ni ma sai da na tsinci leda a Bata na sani.

Na shigo da ledojina cikin gida na jera a inuwar bakin ƙofar Inna. Ita ta shiga takaba, ba fita, ba ado, ba turare. Ni kuma hutuna ya ƙare na koma ofis. Ban roƙe ta komai ba, don ba ta taɓa nuna shukar ta dame ta ba. Sai wata yamma na dawo na tarar da butar Baba a ƙofarta, ita kuma ta ja kujerar tsuguno kusa da ledojin tana alwala. Na buɗe baki zan yi maganar yawan ruwa, ta riga ni.

"Rabi nake zubawa," in ji ta. "Hannuna bai san wani awon ba."

Aka janye yajin aiki, muka koma, muka share rumfa muka sake cika ledoji. Rassan da Malama ta kai makaranta suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya, duk da kulawarta. Ranar da na ƙarshen ya mutu ta gaya mini a tsaye, tana ɗaure shinge, ba ta kalle ni ba. Nawa ma suna ta bin sahu. Kullum na dawo sai in ga an rage leda ɗaya, Inna ta kawar da ita don kar in gani. Har ya rage saura ɗaya, ɗan tsinke da ganye biyu, bai mutu ba bai kuma motsa ba. Kowace Asabar Malama takan dube ni daga nesa, in ɗaga mata kai, ta ci gaba da aikinta. Ranar baje kolin kammala kwas, kowa ya jera abin da ya rena, ana ta ɗaukar hoto. Ni ma na kai wasu masu ganye ja da rawaya, aka ba ni takardata. Amma hankalinmu ni da ita yana kan wata leda a Rijiyar Lemo.

Sai da damina ta yi nisa ɗan tsinken ya fitar da toho. Na mayar da shi tukunya, na huda gindinta huji har uku saboda tsoro. Wajen ƙarshen ruwa, takabar Inna ba ta ƙare ba, na ga ɗan ƙulli fari a kan reshe. Na kira Malama na ce ta zo ranar Lahadi da yamma.

Ta zo da kayanta na coci. Inna ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, muka zauna mu uku muna hirar tsadar tumatir, kowa yana satar kallon tukunya. Rana ta yi ƙasa. Ba mu ga buɗewarsa ba, ƙamshin ne ya gaya mana. Malama ta matsa a kan gwiwoyinta ta sunkuya, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta cire tabarau ta goge da bakin gyale.

"Haka tsakar gidanmu take da yamma," in ji ta.

Na ce ta ɗauka, tata ce. Ta ce ba inda za ta kai ta, ta zauna a hannun da ya raya ta, in damina ta zagayo za ta zo da reza.

Sai na lura Inna ta ja baya zuwa bakin ƙofarta, ta rufe hanci da mayafi. Na ce, "Inna, lafiya?"

"Mai takaba ba ta turare," in ji ta ta cikin mayafin. "Ban sani ba ko wannan yana ciki." Ta dubi wajen soro. "Da shi zan tambaya."

Tun tana amarya duk abin da ya shige mata duhu, daga na sallah har na gishirin miya, leƙawa take ta tambayi Baba. Ni 'yar malam ce, amma a lokacin ko kalma ɗaya ban iya tunawa ba.

Malama ce ta yi magana, a hankali. "Inna, ni ban san hukuncinku ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na gani dai, ba ke kika je wurin ƙamshin ba. Shi ya zo ya same ki."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sauke mayafin, ta ja numfashi mai tsawo.

"Haka zai ce," in ji ta. "Sai dai shi sai ya gama yi mini dariya tukuna."

Aka kira magariba. Ta ɗauki butar ta nufi randa, ta zuba rabi.